Ɗan tallan sola ya ce za a mayar mana da kuɗi, maigida yana son in sa adashena

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Katsina ce, shekarata 11 da aure, muna zaune a bayan garin Houston a jihar Texas ta Amurka tare da yaranmu uku, a gidan da muka saya shekara huɗu da suka wuce. Makon jiya wani ɗan talla ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, ya zauna da Abban yara kusan awa biyu yana nuna masa zane a kwamfutar hannu. Ya ce za su ɗora mana farantan sola masu ƙarfin kilowat 9 a kan dala 38,000. Ba za mu ba da ko sisi a farko ba, bashi ne na shekara 25 da ruwa kashi 3.99 cikin ɗari, dala 140 kacal a wata. Ya ce gwamnati za ta dawo mana da kashi 30 cikin ɗari, kamfanin wuta ma zai ba mu nasa rangwamen, amma sai mun sa hannu kafin ƙarshen wata. Maigida ya riƙe maganar da zafi, domin tun guguwar 2024 da muka yi kwana takwas babu wuta, ga jaririya a hannu, ya ɗau alwashin ba za a sake ba. Yanzu ya ce in sa hannu tare da shi, kuma idan kuɗin gwamnati ya yi jinkiri in ba da adashen da zan kwasa, dala 12,000, daga baya a mayar mini. Anti, kuɗin nan na tara su ne don in kai mahaifiyata Makka, in kuma rufe ginin da na fara mata. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ba na son ya ga kamar na raina tunaninsa. Don Allah ki ba ni shawara.

Maman yara uku, Houston

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri bisa niyyar da kika yi wa Hajiya, ya kuma nufe ta da zuwa. Kada ki sa hannu a wannan takarda a yadda take, kuma kada ki ba da adashenki. Rashin kwanciyar zuciyar da kika ji yana da dalili, zan kuma ba ki dalilan ɗaya bayan ɗaya yadda za ki iya ajiye su a gaban maigida ba tare da hayaniya ba.

Kashi 30 ɗin da ɗan tallan ya ambata, a da gaskiya ne. Dokar da Shugaba Biden ya sa wa hannu a watan Agustan 2022 ta ba duk wanda ya sayi sola ya ɗora a gidansa damar cire kashi 30 cikin ɗari na kuɗin daga harajin da gwamnatin tarayya ke bin sa. Amma dokar kasafi da haraji da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta yanke wannan dama. Sai wanda aka kammala masa aikin zuwa 31 ga Disambar 2025 ne ya samu. Mai gidan da ya sayi sola bayan nan ba shi da wannan rangwame. Ko lokacin da ake yinsa ma, ba ceki ba ne da ake aiko wa mutum gida. Ragin haraji ne, kuma iyali mai yara uku da matsakaicin albashi, wanda harajinsa bai kai yawan kuɗin ba, ba ya cin moriyarsa duka a shekara ɗaya. To ki duba, kuɗin da maigida yake cewa ƙila ya yi jinkiri, ba jinkiri zai yi ba, ba zai zo ba ne kwata-kwata. Idan adashenki ya shiga wannan rami, babu mai mayar miki.

Na ɗauki alƙaluman da kika aiko na buga su. Bashin dala 38,000 a shekara 25 da ruwa 3.99 yana zuwa kusan dala 200 a wata, ba 140 ba. Dala 140 tana fitowa ne idan an cire dala 11,400, wato kashi 30 ɗin can, aka bar 26,600. Haka ake tsara irin waɗannan basussuka: a fara da ƙaramin biya, a ba ku wajen wata 18 ku zuba wancan babban kuɗi, in ba ku zuba ba sai biyan wata ya yi tsalle, ya zauna a sama har ƙarshen wa'adi. Kin ga yadda 11,400 ta yi kusa da 12,000 ɗinki? Ba na zargin Abban yara da komai. Ya ji lissafin ne daga bakin mai sayarwa, ya nemi inda zai toshe giɓin, idonsa ya faɗa kan abin da ke kusa.

Na taɓa ganin wannan da idona a gidan wata ƙawata a wata jihar. Ta ɗauko mini takardun daga cikin jakar leda, muka baza su a kan tabarmar sallah muna bi layi layi. A shafi na farko an rubuta ƙaramin biyan da manyan baƙaƙe. Sai a can ciki, da ƙananan haruffa, muka ga wani adadin daban da zai fara daga wata na 19. Mijinta ya sa hannu ne da yatsa a fuskar kwamfutar hannu, ɗan tallan na gungura shafukan da kansa, bai taɓa riƙe takardar a hannu ya karanta ba. Har yau suna biya.

Sannan akwai farashin kansa. Dala 38,000 a kan kilowat 9 ya haura dala 4 kan kowane wat (kilowat ɗaya wat 1,000 ne), alhali a Texas masu saye da tsabar kuɗi kan samu a wajen dala 3, wasu ma ƙasa da haka. Ina bambancin ya tafi? Hukumar tarayya mai kare masu cin bashi, CFPB, ta fitar da rahoto a watan Agustan 2024 inda ta nuna cewa kamfanonin da ke ba da bashin sola kan cusa wani lada na dillanci a cikin farashi, sau da yawa kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari, ba tare da an faɗa wa mai saye ba. Da wannan ladan ake sayen ƙaramin ruwan da ake tallata muku. Tambaya ɗaya ke tona shi: ku ce wa ɗan tallan, idan za mu biya nan take da kuɗin hannu, nawa ne? Ku sa ya rubuta. Tazarar da ke tsakanin adadin biyu ita ce abin da aka ɓoye. Batun ruwa kuwa, na san ba ƙaramin abu ba ne a wurinki. Ku kai wa malamin masallacinku takardar kanta ya gani, ku gaya masa cewa bashin dala 38,000 zai tashi kusan 60,000 kafin a gama, kuma ba larura ce irin ta muhalli ba.

Yanzu rangwamen kamfanin wuta, wanda ɗan tallan ya yi muku alkawarinsa. Akwai shi a wasu wurare, ba ƙarya ba ne. Kamfanin wutar birnin Austin da ke nan Texas, wato Austin Energy, misali, ya yi shekaru yana ba masu gidaje dala 2,500 idan sun sa sola, da sharaɗin mutum ya yi wani ɗan gajeren darasi kuma ya yi aiki da kamfanin da ke cikin jerin waɗanda suka amince da su. Amma na abokan cinikin Austin Energy ne kaɗai, mutumin Houston ba ya ciki. Ki lura da girman kuɗin ma: dala 2,500 a kan aikin dubu talatin da wani abu, taimako ne, ba ya mai da mugun ciniki ya zama mai kyau. A jihar New York tallafin yana bi ne ta hannun ɗan kwangila, ya rage a farashi, sannan jihar na da nata ragin haraji na kashi 25 cikin ɗari da bai wuce dala 5,000 ba. Texas kuwa ba ta karɓar harajin albashi, don haka babu irin wannan ragi a wurinku. Kowace jiha da nata, kowane kamfani da nasa, shi ya sa labarin ɗan uwa da ke wata jiha ba ya zama hujja.

Irin waɗannan shirye-shirye suna da halaye da suka yi kama da juna. Kasafinsu na shekara ne, idan ya ƙare an rufe sai wata shekarar. Galibi sai an nemi izini an keɓe muku kuɗin kafin a fara aiki, wanda ya riga ya ɗora farantai sannan ya je nema yakan dawo hannu rabbana. Kuma a wurare da yawa ɗan kwangila ake biya, ba mai gida ba, don haka in ba a rubuta ragin ƙarara a cikin yarjejeniya ba, yana iya shigewa aljihun wani. A yankinku kamfani biyu ne ke da hannu a wutarku: CenterPoint mai turaku da wayoyi da mita, da kuma kamfanin da kuka zaɓa yake sayar muku da wutar yana aiko bil. Ku tambayi ɗan tallan wanne daga cikinsu ne zai biya, mene ne sunan shirin, dala nawa, kuma wa za a ba. Sannan ku kira kamfanin da kanku, da lambar da ke jikin bil ɗinku, ba wadda shi ya ba ku ba. Akwai kuma rumbun bayanai na kyauta mai suna DSIRE da wata cibiya a jami'ar jihar North Carolina ke kula da shi, ana sa lambar unguwa ya jero duk tallafin da ya shafi wurin. Abin da ba ku gani a rubuce daga mai biya ba, ku lissafa shi sifili. Ba a cinikin biri a sama.

Abin da ya fi rangwame tasiri a aljihunku shi ne yadda za a biya ku rarar wutar da kuka tura wa layi. Da rana, lokacin da yara ke makaranta, farantai na samar da fiye da abin da gida ke sha, rarar ta koma waje. Da dare kuma ku sayo. A wasu jihohi doka ta tilasta a lissafa muku abin da kuka tura daidai da farashin abin da kuka saya. Texas ba ta da wannan doka. Kamfanin da ke sayar muku da wuta ne ke yanke abin da zai biya, wasu su biya da ɗan dama, wasu su biya farashin sari da bai taka kara ya karya ba, kuma duk wutar da kuka jawo da dare sai kun biya kuɗin dakonta. Yarjejeniyarku da kamfanin da ke sayar muku da wutar ma galibi ta shekara ɗaya zuwa uku ce, bashin kuwa na shekara 25. Ko California da ta fi kowace jiha sola ta sauya tsari a watan Afrilun 2023, ta rage wa sababbin masu sawa kuɗin rarar da kusan kashi uku cikin huɗu.

Mu yi lissafi mafi sassauci. Kilowat 9 a Houston zai ba da wajen yunit 12,600 a shekara idan rufin na fuskantar rana sosai babu inuwar bishiya. A ce kowane yunit ya rage muku senti 15, wanda ba zai yiwu duka ba saboda abin da na faɗa a sama, kun tsira da dala 1,890. Biyan bashi na dala 200 a wata kuwa 2,400 ne a shekara. Ko a lissafin da ya fi yi wa ɗan tallan daɗi, kuna cikin hasara, kuma bil ɗin wuta bai daina zuwa ba.

Akwai wani abu da nake ganin shi ne zai fi shiga kunnen Abban yara, don ya taɓa abin da ke damunsa na gaskiya. Guguwar Beryl ta faɗo ranar 8 ga Yulin 2024, ta bar gidaje da shaguna sama da miliyan 2 a yankin Houston cikin duhu, a tsakiyar zafin bazara. Mutumin da ya kwana takwas yana yi wa jaririyarsa fifita da kwali, yana kallon abincin firji na lalacewa, ba za a ce ya yi wauta ba don ya nemi mafita. Amma mu da muka taso a gida mun saba da sola mai batir da inbata, wadda ake sawa domin ranar da aka ɗauke wuta. A Amurka yawancin sola a haɗe take da layin kamfani, kuma an ƙera inbatar yadda da zarar wutar layi ta ɗauke ita ma za ta kashe kanta, don kada ta tura wuta ta kama ma'aikacin da ke gyara a kan turke. Rana na iya take tsaka, farantai 20 da wani abu a kan rufinku, gidan kuma babu ko fitila. A wasiƙarki ban ga an ambaci batir ba. Idan babu shi a cikin dala 38,000 ɗin nan, to abin da maigida yake nema ba ya cikin abin da ake sayar masa.

Batir kuma kuɗi ne na daban. Sanannen nan na Tesla, Powerwall, yana ɗaukar yunit 13.5, kuma sa shi kan haura dala 10,000. Zai riƙe firji, fitilu, fankoki, intanet da cajin waya har gari ya waye. Babbar na'urar sanyaya gida kuwa, wadda ke jan kilowat 3 zuwa 5, za ta shanye shi cikin 'yan awoyi. Idan tsoron duhu ne kawai, janareta madaidaici da ƙwararren mai gyaran wuta ya haɗa masa makunnin sauya layi, tare da ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki ɗaya da kowa zai taru a ciki, zai yi muku wannan aiki a kan kaɗan daga cikin wancan kuɗi. Sai dai a ajiye shi waje nesa da taga, ba a gareji ba. Gubar da ke cikin hayaƙin janareta ba ta wari yadda mutum zai farga, mun rasa mutane da ita a gida, an rasa a Texas ma. Ku sa na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙin.

Ba ina cewa sola ba ta da amfani ba ne. Ina son ta, kuma wanda ya saya a farashi mai kyau, yana da niyyar daɗewa a gidan, yakan ci riba. Texas ma ta yi abu biyu masu kyau: darajar da sola ta ƙara wa gida ba a sa mata harajin gida idan kun cike takardar neman hakan a ofishin ƙiyasta haraji na yankinku, kuma ƙungiyar masu gidajen unguwa ba ta da ikon hana ku sawa haka kawai. In kun yanke shawarar yi, ku nemi farashi daga kamfani uku da ku kuka neme su, ba su suka zo ƙofa ba. Ku duba shekarun rufinku tukuna, domin sauke farantai a mayar don canza rufi aikin dubban daloli ne. Ku kira kamfanin inshorar gidanku ku ji ko zai rufe ɓarnar ƙanƙara da iska. Ku tambayi wanda zai gyara idan kamfanin ya rushe, don ya faru da manya: SunPower ya shiga kotun fatara a Agustan 2024, Sunnova da hedkwatarsa ke nan Houston ya bi baya a Yunin 2025. Kamfani kan mutu ya bar mutum da bashi a raye. Idan kuma ɗan tallan ya juya ya ce to ku karɓi farantan haya, ku sani a haya farantan ba naku ba ne, duk wani rangwame na mai su ne, kuɗin hayar kan ƙaru duk shekara, kuma ranar sayar da gida sai mai saye ya yarda ya gaji yarjejeniyar.

Saura maganar ku biyu, wadda na san ita ce ta hana ki barci. Dukiyarki taki ce, addini ya ba ki wannan, kuma kuɗin da aka yi wa niyyar Hajjin uwa ba abin da za a taɓa ba ne da sauƙi. Sa hannunki a bashi kuma ba cika takarda ba ne kawai, ya mai da ke mai biya kamar shi, idan aka samu tangarɗa sunanki ne zai ɓaci a wurin bankuna. Amma kada ki fara da wannan. Idan kika buɗe baki da kuɗina ne, zai ji kin ja layi tsakaninku, sauran bayanin duk ba zai shiga ba. Ki bari yara su kwanta, ya ci abinci ya huta. Ki fara da abin da kuka haɗu a kai: ki ce masa ke ma ba ki manta kwanakin nan takwas ba, kuma kin gode da yake tunanin yadda zai kare ku. Sannan ki ce akwai abu uku da kike son ku tabbatar tare kafin ku sa hannu: ko akwai batir a ciki, ko kashi 30 ɗin na nan har yanzu, da kuma nawa biyan wata zai zama daga wata na 19. Ki ba shi wayar ya kira da kansa, ke kina gefe. Mai yi muku lissafin haraji zai amsa ta biyu cikin minti biyar. Idan shi ya gano da kunnensa, ba ke kika kayar da shi ba, shi ya tsare gidansa, kuma hakan ya fi muku duka.

Idan ya ce lokaci na ƙurewa, ki tuna masa cewa shirin tallafi na gaskiya yana da ranar rufewa a rubuce a wurin mai biyan kuɗin, kowa na iya gani. Wa'adin da ke bakin ɗan talla kaɗai na cika ƙididdigar cinikinsa ne na wata. In kuma kafin amsar nan ta iso ki ya riga ya sa hannu, kada ki tsaya faɗa. Dokar tarayya ta ba wanda aka yi wa ciniki a gidansa damar sokewa har zuwa tsakar daren ranar aiki ta uku, kuma Asabar na cikin lissafi. Takardar sokewar tana cikin abin da ya wajaba su ba ku. Ku cike, ku aika ta gidan waya da shaidar karɓa, ku ajiye kwafi, ku aika wa mai ba da bashin ma.

Adashen kuwa, ranar da kika kwasa, ki tura kuɗin kujerar Hajiya inda za a ajiye mata, ki gaya wa maigida kin yi, a fili ba ɓoye ba. Idan bayan kun yi binciken kun ga janareta ne mafita, ki ce za ki sa hannu da wani abu daga albashinki na watanni masu zuwa, don ya san kina tare da shi a kan abin da ya dame shi. Ki aiko mini da adadin yunit ɗin da kuka sha a watanni 12 da suka wuce, yana jikin bil ɗinku, tare da farashin kuɗin hannu idan sun rubuto, mu sake buga lissafin tare. A gaida Abban yara, a shafa mini kan yaran.